Shafin da Ƙanena Yake So In Yage

Talata. Aikin farko: share fasasshen gilashi daga ƙasan shago.

Na share, na zuba a buhu, na ɗaure bakinsa, sannan na zauna rubuta miki wannan wasiƙa, hannuna na hagu yana dafe da haƙarƙarina. Malama, don Allah ki taimake ni da shawara, domin kwana goma sha biyu suka rage mini, kuma kaina ya kulle.

Shekarata arba'in da biyu. Gyaran firij da na'urar sanyaya ɗaki nake yi. Tun ina sakandare nake rubuta abin da ya faru da ni kullum a littafi: ƙarfe nawa na buɗe shago, wa ya zo, me na gyara, me na ɓata. A gida Akawu suke ce mini saboda haka. Matata takan ce ko atishawa na yi sai na duba agogo. Littattafan sun kai ashirin da shida, suna cikin wani mataccen firij a ƙuryar shago, don ɓera ba ya shiga can.

Ina da ƙane, autanmu, ɗan shekara ashirin da uku. Yana da shekara shida babanmu ya rasu, a hannuna ya tashi. Tun yana yaro ba shi da zance sai na jirgin sama, har unguwa ta sa masa Kyaftin. Bara ya samu shiga makarantar koyon tuƙin jirgi. Ya gama karatun aji, ya yi 'yan tashi tare da malaminsa, saura a bar shi ya tashi shi kaɗai. Kafin nan sai likitan matuƙa jirgi ya duba shi ya ba shi takardar shaidar lafiya.

Ido lafiya, jini lafiya, zuciya lafiya. Da aka zo gwajin ji, aka sa shi a wani ɗan ɗaki da abin sauraro a kunne, ana sako ƙara yana danna maɓalli, sai aka ga kunnensa na hagu ba ya ji sosai. Likita ya tura shi hoton kai. Hoton ya nuna tsohuwar tsagewa a ƙashin bayan kunnen. Likita ya tambaye shi, ya ce ai yana yaro ya taɓa faɗowa daga tsani. Sai likita ya ce yana son amsar abu biyu daga bakin wanda yake wurin: minti nawa ya yi a sume, kuma ko ya taɓa jijjiga bayan haka. Ya ce ba zai sa hannu ba sai ya ji. Ya sa ranar da za a koma, yau saura kwana goma sha biyu.

Auta ya dawo yana dariya, wai yau rubuce-rubucen Akawu za su yi rana, in duba masa littafin shekarar.

Malama, bai faɗo daga tsani ba. Ni na ƙirƙiro tsanin.

Yana da shekara goma sha ɗaya. Wani mai otal ya kawo mini na'urar sanyaya ɗaki, na gyara, na ajiye zai zo ɗauka da la'asar. Na dawo daga sayen waya na tarar Auta ya kwance ta, ya cire injin fankar ya ɗaura a jikin wani jirgin kwali da ya haɗa. Yana nuna mini yana murna, wai Yaya dubi yadda take juyawa. Na mare shi da duk ƙarfina. Ya yi baya, kansa ya daki kusurwar teburin ƙarfe, ya zube. Na ɗauka iya shege ne, na ce ya tashi, bai tashi ba, na shure shi sau biyu a ciki. Sai da na ga jini yana fitowa daga kunnensa yana bin siminti na tsaya. Na ɗauke shi zuwa wani ƙaramin asibiti da yanzu ya zama wurin wankin mota. Na ce musu tsani, na ce wa Inna mahaifiyarmu tsani. Da ya farfaɗo bai tuna komai ba, na ce masa tsani, ya yarda. Har faɗa Inna ta yi masa a kan hawa abin da ba a sa shi ba.

A littafi kuwa ban iya ƙarya ba. Na rubuta duka: ya suma ƙarfe huɗu da minti goma, ya buɗe ido biyar saura kwata. Kwana biyu bayan haka, da hantsi, jikinsa ya ƙage ya yi ta jijjiga wajen minti ɗaya a kan tabarma, ni kaɗai na gani. Bai sake ba, iya sanina. Tun daga ranar ban sake ɗaga wa kowa hannu ba, 'ya'yana uku ba su san marina ba. Ina faɗa ne don ki sani, ba don in wanke kaina ba. Ko wataƙila don in wanke kaina ne, ban sani ba.

Mako guda na yi ina ja masa rai. Yau in ce makullin firij ɗin ya ɓace, gobe in ce ban gane shekarar ba. Har na sayi sabon littafi na fara kwafe watan gaba ɗaya don in sauya shafin, na kai ranar tara ga watan na ga tawadar sabuwa ce, takardar fara tas, ko yaro ba zai ruɗu ba. Na bari.

Jiya da azahar na je duba wani firij a gidan mutane. Na dawo na tarar da shi zaune a kan teburin nan na ƙarfe, ya ɓalle firij ɗin, littafin a buɗe a cinyarsa. Ina ajiye jaka ya taso mini. Naushin farko a baki ya same ni, haƙorina na gaba ya fita. Ya shaƙe ni da wuyan riga ya haɗa bayana da akwatin gilashin da nake ajiye kayan gyara, gilashin ya tarwatse a kanmu. Na faɗi, ya shure ni a haƙarƙari, ya ce ɗaya, ya sake shuri, ya ce biyu, wai in tashi in rubuta, in duba agogo kada in yi kuskuren minti. Yana kuka yana dukan. Ya ce shekara goma sha biyu yana juya kai in ana masa magana ta hagu, abokai suna ce masa kurman kyaftin yana dariya, yana zagin kansa a kan tsanin da bai taɓa hawa ba.

Ga abin da ban gaya wa matata ba. Ina ƙasa hannuna ya faɗa kan babbar sifana, na damƙe ta, na ɗaga. Na ga daidai inda zan sauke ta, bayan kunnen nan dai. Telan da ke maƙwabtaka da ni ne ya shigo ya riƙe mini hannu, yana cewa Akawu kanka ɗaya kuwa. Da bai shigo ba ban san me zan rubuta yau ba. Ashe abin yana nan, ni ina zaton ya mutu.

Da aka raba mu, Auta ya tsaya a bakin ƙofa, gilashi ya yanke shi a hannu jini yana ɗiga. Ya ce abu ɗaya yake so. In yage shafin, in bi shi wurin likita, in ce tsani ne, ya suma minti biyu, bai taɓa jijjiga ba. Wai na iya ƙarya shekara goma sha biyu don kaina, sai in yi ta minti biyar dominsa. Na cinye masa kunne, kada in cinye masa sama. In na ƙi, zai zo ya ɗauki littafin ya kai wa Inna, kuma ko gawarsa kada in bi. Inna tana da hawan jini. Ta ga bakina, na ce mata firij ne ya zame mini. Kin ga na sake yin ƙarya.

Wani lokaci sai in ga yana da gaskiya. Sau ɗaya ne, yana yaro, shekara goma sha biyu shiru, yana tuƙa mota lafiya. Wani lokaci kuma sai in gan shi can sama shi kaɗai jikinsa ya ƙage, ƙarƙashinsa rufin gidajen mutane. In na faɗi gaskiya na kashe masa buri da bakina bayan na fasa masa kai da hannuna. In na yi ƙarya, ban san wa zan kashe ba. Ni ba likita ba ne, kuma ban yarda da hukuncin kaina ba, don na ga irin wanda yake yankewa.

Ayyukan gobe:

Zuwa wurin likitan haƙori.
Auno sabon gilashi.
Mayar wa tela almakashinsa da ya yar a shagona.
Kiran Auta, in ya ɗauka.
Shafin.

Naki,
Mai gyaran firij

Amsa

Ɗan'uwa, sannu da jiki. Kafin haƙori, ka je a duba haƙarƙarin nan yau, musamman in numfashi yana yi maka zafi.

Kada ka yage shafin, kuma kada ka yi wa likita ƙarya. Na san ƙanenka yana ganin wannan ce diyyar da za ka biya shi, kuma fushinsa yana kan hanya: an cuce shi, an rufe shi, an bar shi yana zargin kansa. Amma abin da yake nema a hannunka ba naka ba ne balle ka ba shi. Ransa ne, da ran duk wanda zai zauna a bayansa wata rana. Sau ɗaya ka taɓa yanke hukunci a kan lafiyar kansa kai kaɗai, lokacin da ka ga jijjigar ka yi shiru. Kada ka maimaita, ko da shi ya roƙe ka.

Ku biyun kun ɗauka cewa gaskiya tana nufin an rufe ƙofa. Ba ku sani ba, ni ma ban sani ba. Likitan bai kore shi ba, tambaya ya yi. A irin wannan akan tura mutum wurin likitan ƙwaƙwalwa, a yi ƙarin gwaji, a duba tsawon shekarun da ya yi lafiya, sannan a yanke. Yana iya samu, yana iya samu da sharaɗi, yana iya rasawa. Ba zan yi maka alkawarin da ba nawa ba. Abin da na tabbata shi ne takardar da aka samu da ƙarya kullum a bakin ƙwacewa take, kuma hoton kansa yana hannun likita. Lokutan da ka rubuta su ne shaida mafi amfani da yake da ita. Ka kwafi lokutan da abin da ka gani, ka riƙe littafin a jaka ko za a nema.

Kada ka kira shi gobe, kuma kada ku sake haɗuwa ku biyu kaɗai, balle a shago cikin ƙarafa. Ka nemi babba guda da yake jin nauyinsa, kawu ko malaminsa na tuƙi, ku zauna a gabansa. Ka ba shi haƙuri da sunan abin da ka yi, mari da shuri da ƙarya, ba tare da ka kawo zancen mai otal ko wahalar da ka sha a kansa ba. Sannan ka gaya masa za ka raka shi, za ka faɗi abin da ya faru, ba za ka ƙara ba, ba za ka rage ba. In ya ce ba ya son rakiyarka, lafiyarsa ce, ba za ka je a bayan idonsa ba, amma ya san bakinka ba zai faɗi tsani ba. Dukan da ya yi maka ba daidai ba ne, ko da ka ji kamar ka cancanta. Babban da zai zauna da ku ya gaya masa haka, don mai son a ba shi jirgi dole ya iya riƙe hannunsa.

Inna kuma, ka riga shi. Ka je da matarka, da rana, bayan ta sha maganinta, ka faɗa mata da bakinka a hankali. Za ta yi kuka, wataƙila ta yi kwanaki ba ta amsa gaisuwarka. Ya fi ta karanta a littafi daga hannun ɗa mai fushi, kuma daga ranar babu sauran abin da za a yi maka barazana da shi.

Sifanar nan ce ta fi tsaya mini a rai. Shekara goma sha biyu ka danne abin, ba ka magance shi ba. Ka gaya wa matarka, ka nemi likitan da ke duba damuwa da fushi ka zauna da shi. Littafi yana karɓar duk abin da ka ba shi, amma bai taɓa ce maka a'a ba. Kana bukatar mutum mai amsawa.

Zai yiwu ƙanenka ya yanke ka na wani lokaci, musamman in sakamakon bai yi daɗi ba. Ka shirya wa hakan, ka bar ƙofarka a buɗe, kada ka bi shi da aike. Gara ya yi shekara yana fushi da kai yana raye.

Allah ya ba shi lafiyar da ake nema, ya sanyaya zukatanku, ya ba ka ƙarfin faɗin abin da ka daɗe da rubutawa.