Tumatirin Baba da Ƙasar da Kawu Ya Turara

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara, ya ƙara rufa asiri, ya sa wa aikinka albarka. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma zagaya tsakar gida tana gyara abin da muka riga muka gyara. Auta ta gama jarrabawa, yanzu barci ne sana'arta, kuma tana yin sa da gaskiya. Kawu ma yana nan lafiya, idanunsa sun daina zubar da ruwa tun makon jiya. Dalilin zubar ruwan shi ne dalilin wannan wasiƙa. Na zaɓi in rubuta da hannu in ɗauki hoto in turo maka, domin a waya ban taɓa kai ƙarshen magana ba sai ka ce to, to, za a duba.

Ka san tun rasuwar Baba ka damƙa lambu a hannun Kawu, ni kuma na bar shi a haka, duk da cewa ni na yi shekara biyar a jami'a ina karatun ƙasa, shi kuma ya yi shekara talatin yana tuƙa motar ofis. Bana aya-aya ta cinye gefen rijiya gaba ɗaya. Ka tuna ta, ciyawar nan mai 'ya'ya a jere a ƙarƙashin ƙasa, wadda in ka sare ɗaya uku suke fitowa yi mata ta'aziyya. Baba da hannu yake tone ta bayan ban-ruwa, ya tara 'ya'yan a bokiti ya shanya a kan kwanon rufi su bushe. Kawu ba shi da bayan wannan aiki, kuma ban ga laifinsa ba. Ana cikin haka sai ga bidiyon da ka turo masa, na manomin nan mai tarakta da yake zuba magani a ƙasa, inji yana bin sa yana shimfiɗa leda. Kawu ya kalle shi ya fi sau goma, ya nuna wa mai gadi, ya nuna wa mai kawo taki, daga nan ya sanar da mu cewa za a turara ƙasar lambu, tunda kai ka turo. Na san kai dai ka ga abin sha'awa ne ka danna. A nan umarni ya zama.

Na bi shi shagon maganin gona ba tare da an gayyace ni ba. Iri uku mai shago ya lissafa mana. Akwai na ruwa a jarka, wanda sai da siraran bututun ban-ruwa ake sa shi, mu kuwa ba mu da su. Akwai na tukunyar iska, wanda sai ma'aikata masu horo da kayan kariya, shi kansa mai shagon a hoto ya san shi. Sai na ukun, mai tsaki-tsaki kamar sukari, da ake cuɗawa da jiƙaƙƙiyar ƙasa a rufe da leda, ya zama iska mai guba ya ratsa ta. Na yi wa Kawu bayani a hankali cewa wannan na ukun yana kashe ƙananan irin ciyawa da tsutsar saiwa, amma ba ya cika cin ƙarfin aya-aya, domin 'ya'yanta suna da tauri kuma suna can ƙasa. Na ce abin da ya fi mana shi ne a bari sai lokacin zafi, a jiƙa ƙasar, a rufe ta da farar leda mako shida rana ta dafa ta, sannan a bi da tono irin na Baba. Kawu ya ce da rana tana kashe ciyawa da tuni duniya ta zama fili. Mai shago ya yi dariya har da buga tebur, ya ce ai ranka ya daɗe ya gama magana. Shi dama ra'ayinsa yana tare da duk wanda ya fi kusa da buhu.

Yadda aka yi zaɓen kuwa, ka san Kawu da ɗaci yake auna maganin zazzaɓi, wanda bai sa shi yamutsa fuska ba bai yarda da shi ba. To haka ya yi. Ya sa aka kwance bakin buhu, ya kai hanci, ya yi atishawa uku, ya ce wannan shi ne magani. Ni dai da na ga an wuce wurin, sai na ce a ƙalla a bi abin da aka rubuta a jiki, na karanta masa da ƙarfi: awo kaza a kowace kunya, a sa takunkumi da safar hannu, a rufe ruf, a jira mako uku, a yaye leda, a juya ƙasa ta sha iska, a gwada ta kafin a dasa komai. Ya saurare ni da irin fuskar da ake sauraron labarin yanayi a rediyo, ya ce Farfesa ta yi karatu.

Ranar Juma'a da hantsi aka zuba. Ya ninka awon sau biyu, wai aya-ayarmu mai taurin kai ce, ba irin ta masu rubuta takarda ba. Takunkumin da na sayo ya wuni rataye a reshen gwaiba, shi kuma ya ɗaure hanci da hankici. Ledar ba ta kai ba, aka cike sauran da tsofaffin buhunan taki. Kwana uku idanunsa suna ruwa kamar mai yanka albasa, yana gaya wa masu zuwa sannu cewa alama ce maganin na asali ne.

Duk wannan da zan iya haɗiyewa, Yaya, domin ƙasa tana warkewa in an ba ta lokaci. Abin da ya hana ni sakat shi ne dashen. Ka tuna gwangwanin shayin da Baba yake ajiye irin tumatirinsa, mai kaurin fatar nan da yake kwana biyar a faranti bai yi ruwa ba? Shekara ashirin yana zaɓen 'ya'yan da suka fi kyau yana cire irin. Ba a sayar da shi a ko'ina, ba shi ma da suna sai na Baba. Bana Kawu ya ce a zuba duka a wurin reno, domin ƙasar da aka turara za ta ɗauki ninki biyu. Inna da hannunta ta juye gwangwanin, ta kaɗa gindinsa. Ko ƙwaya ɗaya ba ta rage ba. Yanzu dashen ya wuce taƙi, maƙwabcinmu kuma ya riga ya dasa nasa, kullum Kawu yana hangen kunyoyinsa ta kan shinge yana tsaki. Ranar kwana takwas ya yaye ledar, ya damƙi ƙasa ya shinshina, ya ce babu sauran wari. Wannan hanci ne da mura ba ta sake shi ba tun ranar da aka zuba maganin. Ya yanke cewa ranar Asabar mai zuwa za a dasa, wato kwana goma sha biyar, a ƙasar laka mai riƙe iska, wadda aka ba awo biyu.

Ban yi gardama ba, na ɗauko kwalaben zuma biyu na Inna. Ɗaya na zuba mata ƙasar da aka turara, ɗaya ƙasar gindin gwaiba da ba a taɓa ba. Na yayyafa ruwa, na barbaɗa irin latas a kowace, na rufe, na jera su a tagar Inna inda kowa zai gani. Gwajin ke nan da ake yi ko'ina, latas ba ya ɓoye abin da ya ji. Yau Laraba, kwana huɗu. Kwalbar gindin gwaiba ta yi kore shar. A ɗayar kuwa ko ƙwaya ɗaya ba ta tsaga ba. Abu guda ne mai rai a cikinta, wani ɗan tsiro mai tsini da ya miƙe tsaye a tsakiya cikin ƙoshin lafiya. Ba sai na gaya maka sunansa ba. Na kai wa Kawu kwalaben biyu. Ya juya su, ya ɗaga su sama, ya ce latas dama ganyen 'yan gayu ne, iska ma kayar da shi take yi, kuma shi bai taɓa ganin an yi noma a kwalba ba. Game da aya-ayar kuwa, ya ce hakan ya nuna awon ne ya yi kaɗan. Na juya wajen Inna, ta ce in yi haƙuri, ƙaninta ne, don Allah yake mana wahala, ba za ta kunyata shi a gaban 'ya'yanta ba.

Saboda haka ga roƙona. Ka kira shi kafin Juma'a. Kada ka ambaci sunana, kada ka ce kwalba, in ka ce jami'a ma ka ɓata komai. Ka ce ka ga kashi na biyu na bidiyon, kuma mai taraktar ya ce a juya ƙasa a ƙara mako biyu, kada a dasa sai latas ya tsira a cikinta. Dashen zai iya jira, zan rage masa ruwa in yi masa inuwa kaɗan. Ba na neman a ce Farfesa ta yi gaskiya, na saba. In an ci tumatir bana, a ce kai da Kawu kuka yi dabara, ni ma zan taya ku karɓar yabo. In kuwa aka dasa ranar Asabar, saiwar za ta ƙone cikin 'yan kwanaki, Kawu ya ce irin ne ya tsufa, mu kuma mu rasa abu na ƙarshe da Baba ya bari mai iya sake fitowa.

Zan faɗa maka wani abu, ya tsaya tsakaninmu. Shekaranjiya da sassafe, kafin Kawu ya iso, na cire dashe ashirin da huɗu na sa a gwangwanayen madara, na ɓoye bayan tankin ruwa. Jiya na hango Inna a tsaye a wurin da butarta. Na yi kamar ban gan ta ba, na wuce. Yau da safe na je ba su ruwa, na tarar an riga an ba su. Na ƙirga, talatin da ɗaya.

Ka gaishe mini da Anti da kyau, da yara, Babban Mutum da 'Yar Baba, ka ce musu gwaibar ta fara nuna. Auta tana gaishe ku daga kan katifa. Kawu yana gaisuwa, ya ce a gaya maka aiki yana tafiya yadda ka tsara. Inna tana sa muku albarka, ba ta ba ni wani saƙo game da lambu ba, sai dai ta kafa doka a gidan nan cewa daga yau kada wanda ya sake jefar da gwangwanin madara.

Allah ya sada mu da alheri. Ka kira shi, Yaya.

Ƙanwarka,
wadda Kawu yake kira Farfesa