Kwaji Yana Kira Ran Lahadi

Lahadi, 5 Maris 2023
Wata huɗu ke nan da aka binne Kwaji, ƙanen mijina, a Fatakwal, kuma har yau Mama, mahaifiyarsu, ba ta sani ba. Likita ya ce hawan jininta ba zai ɗauka ba. Saboda haka duk Lahadi bayan sujada a coci mijina Tizhe yakan zaga bayan gida da wani layin waya, ya kira da muryar ƙanensa. Ni ce mai riƙe mata wayar a kunne, tunda idonta ya tafi. Ni Margret, mai jan waƙa a zumuntar mata. Kai, abin kunya.

Laraba, 15 Maris
Da farko muryar ba ta kama ba, Mama har ta tambaya ko mura yake yi. Yanzu ta kama. Har wannan 'yar dariyar ta hanci.

Lahadi, 19 Maris
An yi Jibin Ubangiji a coci, na bar farantin gurasa ya wuce ni. Matar fasto ta lura. Na gaya mata rabi. Ta ce ƙauna ba ta zama ɗaki ɗaya da ƙarya, ɗaya sai ta kori ɗaya. Faɗa da sauƙi, ba surukarta ba ce.

Alhamis, 23 Maris
Tizhe ya daina magana da ni, sai "to" da "na dawo". Amma ran Lahadi a waya minti arba'in suka yi da Mama. Yana ba ta labarin ɗakinsa a Fatakwal, da maƙwabcinsa mai kare. Tizhe bai taɓa wuce Yola ba.

Talata, 28 Maris
Da rana tsaka na hango Tizhe daga nesa yana shigowa unguwarmu Lokuwa, yana jan ƙafar hagu. Na tsaya da bokiti a hannu. Kwaji ne mai jan ƙafa tun yana yaro.

Juma'a, 7 Afrilu
Na tare Tizhe bayan sujadar Juma'a Mai Kyau. Na ce kafin Ista zan gaya wa Mama gaskiya, ina tsoron Allah, kuma ina tsoron abin da yake zama. Sai ya ce, da waccan muryar, ba waya a hannunsa:
"Matar yaya, ki bar ni in ɗan ƙara zama mana."

Asabar, 8 Afrilu
Ban iya cin abinci ba.

Lahadi, 9 Afrilu
Ista. Ban gaya wa Mama ba. Gobe, wataƙila.
Ya kira kamar kullum. Da Mama ta gama, ban kashe ba. Don in ji ko layin ya yanke ne kawai. Yana nan, yana numfashi. Ya tambaye ni yara, ya tambayi ciwon bayana, ya ce miyar jiya ta yi daɗi. Rabon da a tambaye ni haka tun Nuwamba.
Na ce, "Kwaji, ka gaya wa yayanka ina kewarsa."
Ya ce in ya gan shi zai faɗa masa.