Na Gama Ɗinkin, Ban Aika Mata Ba

Zuwa ga mai kula da wannan fili,

Don Allah ki taimake ni da shawara, zuciyata ta hana ni sukuni. Ni tela ce a Samaru, na haura shekara arba'in. Saboda tsoron saɓa alkawari, kullum nakan ƙara kwanaki a kan lokacin da na san zan gama aiki. Ko na gama da wuri ba na faɗa, don kada masu kawo ɗinki su saba.

Nneoma, wadda muke coci ɗaya a Sabon Gari, ta kawo atamfa in ɗinka wa mahaifiyarta da ke jinya a garinsu, can kudu. Na ce mata ƙarshen wata. Cikin mako na gama, na goge, na rataye. Ashe ta ɗage tafiyarta ne har ranar da na yanka mata, don ta miƙa wa tsohuwar da hannunta. Kafin wata ya ƙare, tsohuwar ta rasu, ba su gana ba.

Ta dawo daga jana'iza tana yabona a gaban zumuntar mata ta cocinmu, wai ban taɓa saɓa rana ba. Kayan suna nan rataye. Shin gaskiya nake karewa duk shekarun nan, ko sunana? In gaya mata, ko in yi shiru?

'Yar'uwarki mai nadama, Samaru

AMSA

'Yar'uwa, ki sassauta wa kanki. Ajali ba a hannun tela yake ba, kuma ba ta gaya miki tafiyarta na rataye da ɗinkin ba. Barin sarari a alkawari hikima ce, musamman da halin wutar lantarki.

Amma ranar da kike ɗauka kariya ce gare ki, mai kaya a kanta yake gina shirinsa. Kuskurenki shi ne riƙe aikin da ya kammalu. Daga yau ki riƙa tambayar abin da ake jira da ɗinkin, ki karɓi lambar waya, kina gamawa ki sanar.

Nneoma kuwa, kada ki jira ta zo. Ki kai mata kayan har gida, ku biyu kawai, ki faɗa mata gaskiya a taƙaice, ki nemi gafara. Kada ki yi kukan da zai sa mai makoki ta koma rarrashinki. In ta yi fushi, ki jure, haƙƙinta ne. Yabon da kika san bai dace da ke ba ya fi fushinta nauyi.

Allah ya ta'azantar da ita, ke kuma ya ba ki ƙarfin ƙwanƙwasa ƙofarta.