Yatsanka Ya Motsa, Isufu

Zuwa ga ɗana Isufu. Gaisuwa da addu'a, Allah ya sa ƙasa ta yi maka sauƙi. Na san ba za ka karanta ba, ko da ranka ma ba ka san baƙi ba, ni ma haka. Malam Sani na bakin kasuwa ke rubutawa, na sa ya rantse abin da ya ji ba zai wuce takardar nan ba.

Gida lafiya. Gero ya yi, gyaɗa ba laifi. Idon uwarka ya yi rauni. Matarka Rabi ta gama takaba ta koma Tsauni, ranar da ta zo sallama ban fito ba. Mai ɗorin Dungu kuwa, har yau ba na amsa gaisuwarsa. Liman ya yi magana ya gaji.

Kowa a Matameye ya san daga kan kamiyo, babbar motar gyaɗa, ka faɗo, buhu ya bi ka ya danne maka baya. Ga abin da ba su sani ba. Da na iso kana kwance, na ga babban yatsanka na ƙafar dama ya motsa. Sau biyu. Direba ya ce kada a taɓa ka, a samo ƙyaure a kwantar da kai a miƙe har Damagaram. Na zage shi. Yaushe baƙo zai koya mini ɗaukar ɗana? Na naɗe ka na ɗora bisa jaki zuwa Dungu. Mai ɗori ya ja ƙafafu, ni na riƙe kafaɗu. Da hannuna, Isufu. Bayan nan na duba yatsan, na sake dubawa. Shiru.

Sai bayan wata guda na yarda aka kai ka asibitin Damagaram. Likitan nasara ya yi ta bayani, tafinta na juyawa. Wai cikin ƙashin baya akwai zaruruwa masu kai saƙo ƙafa, kowanne naɗe da wani farin kitse. Wai abin da ke naɗa kitsen nan da zaren yake rayuwa, in zaren ya tsinke shi ma mutuwa yake, ba ranar ba, sannu a hankali, har can nesa da raunin. Sannan ya tambaya ko ka motsa wani abu bayan faɗuwar. Na ce a'a. Kana jina. Ka dube ni ka kau da kai. Don me ba ka ƙaryata ni ba?

Ka tuna ƙayar aduwar da nake soka maka kowace safiya, ina sa gawayi inda ka daina ji? Na ce wa uwarka layin gawayin na sauka, sauƙi na zuwa. Ƙarya ne, bai taɓa sauka ba. Damina biyu kana jan jiki a tsakar gida, har gyambon kwanciya ya tafi da kai, ba ka taɓa ɗaga maganar ba.

Yanzu da rana tsaka, in gida ya yi tsit, sai in ji jan tabarma daga bakin rumbu zuwa inuwar bedi. Uwarka ta ce kaji ne. Kaji na tsayawa su huta daidai inda kake hutawa?

Na raina maganar nasaran nan, na ce surutu ne. Amma ga ni. Ba abin da ya faɗo mini, ba inda na karye, sai bushewa nake tun ranar da ka tafi, bana a gona ko kunya ɗaya ban iya kaiwa ƙarshe ba.

Ƙayar tana aljihuna. Gobe bayan sallar Juma'a zan ba uwarka ita in gaya mata yatsan ya motsa. Ita tana iya zagina. Kai da ka yi shiru, ina zan same ka?

Ka yafe mini in ana yafewa daga can. Sai na iso.

Ubanka, Ɗan Baba, wanda ya riƙe kafaɗun.