Suna Kirana Sarkin Ruwa, Amma Ban Iya Ruwa Ba

Daga mai kula da zaure: wani ɗan'uwa ne ya turo min wannan ta imel, ya ce in cire sunansa in saka muku. Ban taɓa ko harafi ɗaya ba. A ba shi amsa cikin mutunci.

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Don Allah ku ba ni shawara, kuma kafin Asabar ɗin nan nake buƙatarta. Na canza sunayen mutanen da ke ciki, duk da na san mu 'yan Arewa a Greensboro ba mu da yawan da mutum zai ɓuya, wanda zai gane ni zai gane ni. In ka gane ni, don girman Allah kada ka riga ni kai maganar ga matar da zan ba ku labarinta.

Ni ɗalibi ne, ina digiri na uku a fannin noma, shekarata huɗu a garin nan, ina haya a Glenwood, ban yi aure ba. Sallar farko da na yi a nan, a gidan wani bawan Allah da zan kira Bala aka taru cin abinci. Bala yana aiki ne a wani kamfanin kujeru a High Point, mutum ne mai barkwanci, in yana wuri ba ka jin muryar kowa sai tasa. Ya tambaye ni ɗan ina ne, na ce asalinmu Yawuri. Sai ya ajiye cokali ya ƙwala wa matarsa kira, ya ce Maman Ummi ashe Sarkin Ruwa muke ba kaza, maza kawo masa kifi. Aka fashe da dariya. Ni kuma wata uku ke nan ban ji an yi dariya da ni da Hausa ba, sai na biye masa.

Gaskiyar magana kakana ne masunci. Ni a kwatas ɗin reluwe na Zariya aka haife ni, babban ruwan da na sani shi ne kududdufin bayan unguwa, shi ma ranar da na sa ƙafa a ciki mahaifiyata ta zane ni. Yawuri sau biyu na taɓa zuwa. Amma ina da labaran kakana a kai, yadda ake kifa ciki a kan gora, yadda ake nutsewa da homa a fito da giwan ruwa, sai na riƙa ba da su ina cewa ni maimakon shi. Wasa farin girki, sunan ya bi ni. Yaran Bala biyu, Ummi da ƙanwarta Hanan, Ankul Sarki suke ce min. Akwai waɗanda muke salla sahu ɗaya shekara uku ba su san sunana na yanka ba. Ban taɓa ganin laifin abin ba, don a Greensboro babu ruwan da zai tona ni.

Tafiyar kuwa Danjuma ne ya kawo ta. Danjuma ɗan Kafanchan ne, Kirista, nas ne a wani asibiti, amininmu ne sosai. Ya ga talla a jarida cewa ana ɗaukar hayar jirgin ruwa na mako guda a Florida, da kyaftin ɗinsa, a cikinsa za ku kwana ku tashi, a kai ku inda duwatsu suke a ƙarƙashin teku kifi na taruwa, ku yi ta jefa ƙugiya. Bala ya ce ko ana ha maza ha mata sai ya je. Maman Ummi ta ce bai isa ba. Sati biyu suna wannan rigimar, ita tana cewa mutum mai 'ya'ya biyu wanda ko a rafi bai taɓa wanka ba me ya kai shi tsakiyar teku, shi yana cewa shekara tara yana shaƙar ƙurar katako a ƙasar nan bai taɓa ganin komai ba sai hanyar aiki da hanyar masallaci. Da abin ya ƙi ƙarewa sai ya ɗauko ni ya kai ni gidan. Tana kicin tana yanka albasa, ta juyo ta dube ni ta ce, "Sarki, saboda kai kaɗai na yarda. Ga amana nan." Na ce mata ta kwantar da hankalinta, ko kifi ne ya haɗiye shi sai na shiga na fito da shi. Har yau ina jin yadda na faɗe ta, da dariya a bakina.

Mu uku muka tafi, a motar Danjuma. Kwana biyun farko ni dai amai kawai nake yi, ina rungume da bokiti, kuma Bala ne yake kare ni, yana ce wa Danjuma a bar Sarki, jininsa na ruwan daɗi ne, bai saba da gishiri ba. Shi kam ban taɓa ganinsa cikin farin ciki irin na makon nan ba. Duk jan kifin da ya jawo sai ya raɗa masa sunan wani ogansa na wurin aiki kafin ya jefa shi cikin ƙanƙara. In mun ta da salla jirgin yana juyawa, mu fara muna duban gabas mu sallame muna duban inda Allah kaɗai ya sani, ya ce ai yau mun gaida kowace kusurwa. Ranar Lahadi ya hana kowa surutu don Danjuma ya karanta Littafinsa, ya ce shi ne ladanin coci. A rana ta uku Bala yana kallona ina fama da ɗaurin ƙugiya, sau uku tana kwancewa, sai ya rage murya ya ce, "Sarki, anya kuwa?" Ya tsaya yana jirana. Daga ni sai shi a wurin. Na ce irin igiyar Turawan nan ce ban saba da ita ba. Ya yi dariya ya bar zancen.

Rana ta biyar, da azahar, kyaftin ya ta da inji za mu canza wuri. Shi da Danjuma suna gaba, ni da Bala muna baya. Tun farkon tafiyar da ruwan teku muke alwala don kada mu ƙarar da na sha, akwai bokiti mai igiya da muke zurawa kamar guga, amma kullum jirgi na tsaye muke yi. Babu wanda ya gaya mana ba a zura shi in jirgi na gudu, mu ma ba mu tambaya ba, wa zai tambayi yadda ake jan ruwa a rijiya? Bala ya cire rigar nan mai hana nutsewa da matarsa ta sa shi rantsuwa ba zai cire ba, ya ce zafi ya ishe shi, kuma me zai ji tsoro ga Sarkin Ruwa a gefensa. Ya kwance agogonsa ya ba ni in riƙe. Ya naɗa igiyar a hannu ya jefa bokitin. Ruwa ya cika shi ya fizge, Bala ya bi.

Ga abin da ban gaya wa kowa ba sai mutum ɗaya. Ya taso sama, ya ganni, ya kira ni. Bai kira kyaftin ba, bai kira Danjuma ba, "Sarki" ya ce, sau biyu. Akwai tayar ceto rataye dab da kafaɗata, wadda ko yaro zai iya cirowa ya jefa, ba ta buƙatar iya ruwa. Ban jefa ba, ban yi ihu ba. Na tsaya da agogo a hannu ina kallonsa yana ƙanƙancewa a bayan jirgi, abin da ke kaina kawai shi ne yanzu kowa zai ce in shiga. Ban san tsawon lokacin da na yi a haka ba. Danjuma ne ya waigo ya yi kururuwa, kyaftin ya juya jirgi yana daka tsawa kada wanda ya kuskura ya faɗa ruwan. Da aka ciro Bala, Danjuma ya yi ta danna ƙirjinsa yana hura masa iska har hannunsa ya mutu. Allah ya riga ya karɓi abinsa. Hausawa na cewa iya ruwa fid da kai, to ni kaina na fitar, kuma ko jiƙewa ban yi ba.

Kowa ya ɗauka umarnin kyaftin na bi. Haka aka rubuta, haka aka faɗa a gari, har labarin ya ƙaru a bakin mutane, wai sai da aka rirriƙe ni. Da ni aka yi masa wanka, ni na shiga kabari na karɓe shi. A zaman makoki mutane suna zuwa suna yi min gaisuwa ta daban, suna cewa in yi haƙuri, ruwa ko gwani yana ci. Ban yi kuka ba, har yau ban yi ba. Ranar ma na ci shinkafa faranti biyu. Ina zuwa aji, ina auna tsiron waken soya, ina salla a kan lokaci, ina barci lafiya lau, kuma wannan ya fi komai ba ni tsoro, in ma tsoro ne. Ji nake kamar an yi min allurar cire haƙori a jiki duka. Agogon yana cikin durowata, na kasa mayar mata, kullum da azahar sai ya yi ƙara don shi ya saita shi saboda salla a wurin aiki, ni kuma ban san yadda ake kashewa ba.

Bayan arba'in na gaya wa Danjuma komai a cikin motarsa, a bakin wani shagon kayan abincinmu a High Point Road. A nan muka yi faɗan da ba mu taɓa yi ba. Ya ce tun ranar farko da ya ga amaina ya yi zargi, kuma yana ganin Bala ma ya sani. Ya ce ko da gwanin duniya ne ya shiga, da gawa biyu za mu kawo. Na ce tayar fa, ya ce tayar ce ba shi da amsarta. Amma ya ce in na kuskura na gaya wa matar nan to mugu ne ni, so nake in sauke kayana a kan wadda nata ya riga ya danne ta, wai abin da ke riƙe da ita shi ne tunanin mijinta bai tafi ba gata ba. Na ce ita ta ba ni amana, ita ke da haƙƙin jin yadda na yi da ita. Ya ce haƙƙi ba ya dawo da matacce. Tun ranar muna gaisawa dai, amma sama-sama.

Da na bi shawararsa, don shiru bai taɓa yi min wuya ba. To amma satin da ya wuce Maman Ummi ta fita takaba. Na kai musu cefane kamar yadda na saba, sai ta ce in zauna. Ta ce ta yi tunani sosai a watannin nan, ta gane laifinta ne da ta yi ta tsoron ruwa maimakon ta sa a koya, kuma ta yi alkawari abin da ya ci ubansu ba zai ci 'ya'yanta ba. Akwai wurin iyo a kusa da gidansu, ta riga ta yi musu rajista. Amma ta ce ba za ta miƙa su ga wani baƙo ba. Ta ce, "Sarki, kai za ka koya musu. Kai ne ka ga abin da ruwa yake yi, kuma a hannunka kaɗai hankalina zai kwanta." Hanan tana tsalle tana tambayata da Turanci ko zan koya mata kama kifi da hannu irin na labarin. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne in sha Allahu.

Shekaranjiya na je wurin ni kaɗai, na ce ko zan koya a ɓoye kafin ranar. Na shiga ɓangaren yara, ruwan iya cinyata, na riƙe ƙarfen gefe, wata tsohuwar Baturiya tana wuce ni tana dawowa. Minti ashirin na yi ban saki ƙarfen ba. Na fito na sa kayana na tafi aji.

To jama'a ga inda nake. Abu ɗaya na sani, ba zan shiga ruwa da yaran nan a kan ƙarya ba, wannan sunan ya ci mutum ɗaya ya isa. Amma me zan ce mata? In ce ban iya ruwa ba kawai in yi shiru, alhali na san da ta ji haka za ta tuna abin da na faɗa mata a kicin, ta gane a kan me ta saki mijinta? Ko in faɗa mata duka, har kiran da ya yi min, har tayar? Ko in ƙirƙiro ciwon baya in samo musu malamin iyo, in ci gaba da amsa sunan har in gama karatu in bar garin, kamar yadda Danjuma yake so? Malaman da ke cikin zauren nan, wanda aka ba amana ya tozarta, dole ne sai mai amanar ta ji kafin Allah ya yafe, ko da jin zai ƙara mata ciwo? Mata kuma, musamman wadda ta taɓa rasa miji, don Allah ku gaya min tsakani da Allah, in ke ce, za ki so ki sani?

Kada ku ce in yi haƙuri ƙaddara ce, na sani, an gaya min fiye da yadda zan iya ƙirgawa. Ku gaya min abin da zan faɗa in na buɗe ƙofa. Asabar da ƙarfe goma za ta kawo su, ta riga ta saya musu kayan wanka, jiya Ummi ta kira ni a waya don ta gaya min nata shuɗi ne.