Filogin da Na Fizge

Daren Laraba, Kiru

Tuwo na gabana ya huce, na kasa ci.

Tun da aka kawo kwamfutocin nan makarantarmu nake kushe babbar manhajar da ke kansu. Wai wata gwamnati ce ta sa aka haɗa ta, kyauta, kowa na iya buɗe cikinta ya gyara. A ɗakin malamai har cewa na yi abin da aka samu a ɓagas ba ya ƙarko.

Yau da aka kira azahar, na duba ko'ina ban ga inda ake kashe kwamfutar da nake aiki da ita ba. Ni da ake kira gwanin kwamfuta, wa zan tambaya? Sai na sa ƙafa na fizge filogi a ƙarƙashin tebur. Ashe waya ɗaya ke ba mu wuta ni da Malama Hauwa, ga shi tana tsakiyar buga tambayoyin jarrabawar gobe. Allonta ya yi baƙi, ta dafe kai tana salati.

Maimakon in kama bakina, sai na ce, "Ai na faɗa muku, kayan banza ne."

Ta leƙa ƙasan tebur, ta ce, "Malam Sani, ɗan ɗaga ƙafarka." Ta mayar da filogin da hannunta. Da na'urar ta tashi, manhajar da nake zagi ta dawo mata da rubutunta, in ban da layin ƙarshe.

Ba ta faɗa wa kowa ba. Da aka tashi har sannu da aiki ta yi mini.

Da ma zagina ta yi, da na iya cin tuwon nan.