Muryar da Na Gyara wa Zukiswa

Litinin, 4 ga Nuwamba

Zukiswa ta iso da motar safe daga Komani. Gwaggo Hantie ta sauke ta a ɗakin baya. 'Yar Baba ce, in ji Baba. Uwarta ta yi mana aikin gida a gona, aka sallame su tana 'yar shekara biyar. Yanzu ta haura arba'in. Goshin dai nasa ne, ban musa ba.

Baba yana asibiti sai ƙarshen mako mai zuwa. Ciwon sukari ya cinye masa ido, hankalin ma zuwa yake yana tafiya. Shi ya ce a nemo ta. Likita ya ce mutum ɗaya ke shiga wurinsa, kuma ni ce.

Talata, 5 ga Nuwamba

Baba ba ya Turanci, da gangan. Ita ba ta jin Afrikaans, yaren gidanmu. Gwaggo ta tsara cewa in ya dawo, a karatun Littafi Mai Tsarki na bayan cin abincin yamma, inda kowane ɗan gida ke karanta ayarsa, ita ma za ta karanta tata. "Ke da kika tsufa kina karanta labarai a rediyo, Elsabé, ai sai ki koya mata."

Abin da Gwaggo ba ta sani ba, yau a asibiti Baba ya ce min: "Kowa zai iya cewa ni na haife shi. Ku kawo ta in ji bakinta. Ɗan gidana daga maƙogwaro yake fito da harafin r." Haka duk mu mutanen yankin Swartland muke. Ni ma haka nake kafin a kankare min a Cape Town.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Darasin farko, a teburin kicin. V ana faɗinsa f, w ana faɗinsa v, j kuma y. Ta yi dariya ta ce wanda ya tsara wannan ya sha ne. G bai ba ta wuya ba, suna da irin kakinsa a yarensu na Xhosa.

Motar girbi ta wuce ta taga, sai Zukiswa ta ce koring, wato alkama. Daga can ƙasan wuya. Na ɗaga kai don na ɗauka Baba ne ya shigo.

"Shi kaɗai na riƙe, Yaya. Yana ɗora ni a kan tarakta yana sa ni maimaitawa."

Na ce sunana Elsabé. Na ce wannan r ta ƙauye ce, dariya za a yi mata a gabansa.

Juma'a, 8 ga Nuwamba

Yadda aka yi min, haka nake mata. Madubi a gaba, murfin kwalba tsakanin haƙora, kan harshe a bayan haƙoran sama. Yatsana a maƙogwaronta. Da ya motsa sai a koma farko. Ba ta ƙorafi. Wannan ya fi ba ni haushi.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Matan coci sun kawo kek. Na kunna musu muryarta da na ɗauka a waya, wurin da take fama da wasulan ui da eu kawai. Anti Ralie ta yi ta dariya har shayi ya sarƙe ta. "Kai, Elsabé, kamar tunkiya ta maƙale a shinge." Zukiswa tana tsaye da faranti, ta yi murmushi don ta ga ana yi.

Da suka tafi ta tambaye ni abin da ya ba su dariya. Na ce r ce. Ba ta lura dukansu da maƙogwaro suka yi mata sallama ba.

Talata, 12 ga Nuwamba

Harshenta ya kumbura. Gwaggo ta ba ta ruwan gishiri. Mun ci gaba.

Alhamis, 14 ga Nuwamba

Ta samu. R tana kaɗawa a kan harshe tsaf, kowace gaɓa a wurinta. Ni na fi wata shida kafin in kai nan, kuma ina kuka a banɗaki.

Ta goge shuɗiyar riga ta rataye. "Kina ganin zai gane ni?" Na ce ta sake ayar daga farko.

Lahadi, 17 ga Nuwamba

An dawo da Baba jiya. Yau aka tura kujerarsa kan tebur, aka kwashe kwanuka, Gwaggo ta buɗe Zabura. Ta karanta, na karanta. Sai Gwaggo ta kira Baba da sunansa ta ce, "Gielie, ga wadda ka ce a kawo."

Ya juyo da kunnensa mai ji. Ya ɗora tafin hannunsa a buɗe a kan tebur, abin da ban taɓa ganin ya yi wa kowa ba.

Zukiswa ta karanta. Babu tuntuɓe ko ɗaya. Da ina ɗaukar ma'aikata da na ɗauke ta.

Ya janye hannun. "Wa ya kunna rediyo ana karatu?" Gwaggo ta ce ita ce fa, Zukiswa, 'yar Nozipho. Ya ce, "Kun ɗauka makanta hauka ce? Wata kuka ɗauko daga birni, irin Elsabé. Yarinyata ba haka take magana ba. A ba ta kuɗin mota."

Zukiswa ba ta ji kalmomin ba, sai ta dube ni. Na fassara mata da Turanci, ban rage komai ba. Fassara aikina ce.

Litinin, 18 ga Nuwamba

Na kai ta tasha. Ta ce, "Wataƙila da na ƙara ƙoƙari. Na gode, kin ɓata lokacinki a kaina." Harshen bai gama saɓewa ba.

A gida Gwaggo tana yanka burodi, ba ta ɗago ba. "Ban taɓa ganin kin yi haƙurin koya wa kowa komai ba. Tun ran nan nake mamaki." Ba ta zuba min kofi ba.

Alhamis, 21 ga Nuwamba

Ya daina cin abinci. Duk wanda ya shiga sai ya tambaya ko an samo yarinyar. Yau ya ɗauka ni nas ce, ya ba ni labarin yadda take riƙe masa kunne a kan tarakta. Bai ambaci ni ba. Na gyara masa matashi.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Likita ya ce kada mu sa rai da ƙarshen wata.

Na kira Zukiswa, ba ta ɗauka ba. Na bar mata saƙon murya, na faɗi abin da Baba ya ce min a asibiti da abin da na yi da shi, a taƙaice, kamar labaran ƙarfe bakwai. Na ce in ta zo kada ta karanta komai, ta yi magana yadda bakinta ya so. Ba don ita na yi ba, tambayar tasa ce ta ishe ni.

Na sauya zanen gado a ɗakina, na kwashe kayana zuwa na baya. Can ya fi sanyi, shi ne kawai.

Waya ta nuna ta saurari saƙon. Motar Komani tana isowa Talata da safe. Ba ta ce tana ciki ba.